Ranar da Aka Kira Ni Awon Ciki

Ba zan taɓa mantawa da hutun da ya wuce ba, don a cikinsa ne na zama namiji na farko a unguwarmu da asibiti ya nema ya zo awon ciki. Kuma ni na jawo wa kaina, da ɗan yatsana.

Mama ce shugabar wani ƙaramin asibiti a Tirwun. An kawo musu kwamfutar hannu don su daina rubuta bayanan marasa lafiya a kati, aka haɗa musu da sola mai kunna fanka da firijin allurar rigakafi. Sharaɗin ɗaya ne: in masu dubawa suka dawo suka tarar ba a amfani da na'urar, za a kwashe komai a kai wani asibitin. Matsalar ita ce Anti Rifkatu, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin Tirwun. Ta ce ba za ta taɓa abin ba, kuma abin da ta ƙi, duk ma'aikatan sun ƙi.

"Kati bai taɓa ce min caji ya ƙare ba," in ji ta.

Ni kuwa da na kai wa Mama abinci, sai na ce zan koya musu (iyakar ilimina a lokacin shi ne wasan ƙwallo a wayar yayana). Don su yi dariya, na rubuta sunana, na zaɓi mace, na ba kaina ciki wata shida. Wurin lambar waya na saka ta Baba, don ita kaɗai na haddace. Kowa ya yi dariya ban da Anti Rifkatu. Na tafi gida ina jin kaina injiniya, ban goge komai ba.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, Baba yana zaune a ƙofar gida da abokansa, saƙo ya shigo wayarsa. Ya bar gilashinsa a ɗaki, sai ya miƙa wa Oga Emeka mai shagon kusa da mu, mutumin da ko gaisuwa ya yi ana jinsa har can unguwar Yelwa.

"Alhaji, asibiti ne. Sun ce yaro naka bai zo awon ciki ba jiya. Sun ce ya zo da sauri, saboda lafiyar jariri."

Ina tsaye da butar shayi a hannu. Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na sa sakata. Wani dattijo ya dubi cikina ya ce, "Allah ya raba lafiya."

Washegari Baba ya saka ni a keke har Tirwun. Ya ajiye wayar a gaban Mama ya ce, "Hajiya, ga mai cikinku na kawo."

Anti Rifkatu ta yi dariya har ta zauna a benci tana share hawaye. Can sai ta tsaya.

"Tsaya tukuna. Wa ya aika saƙon?"

"Na'urar ce ta aika da kanta, Anti," na ce, kaina a ƙasa.

"Ta san ba ka zo ba, ta bi ka har gida? Ni kuma nake yawo cikin rana gida-gida ina neman matan da suka tsallake awo?"

Ta miƙo hannu. "Kawo na'urar nan. Amma sai an yi maka awonka."

A gaban mata cike da benci ta kwantar da ni, ta zagaya cikina da tef, ta kara kunne. "Wannan ba ɗa ba ne," ta ce. "Masa ce, kuma ta kai goma."

Darasin da na koya shi ne, in za ka yi wasa da na'ura, kada ka ba ta lambar babanka.

Da masu dubawa suka zo, sun tarar da Anti Rifkatu tana danna na'urar da yatsa ɗaya, tana yi wa sauran faɗa kan jinkiri. Sola tana nan a kan rufi har yau. Sunana ne abu na farko da Anti ta koyi gogewa, amma a unguwa har yanzu Mai Ciki ake kirana.