Na Yi Wa Malamina Fatiha Yana Kallona

Ba zan taɓa mantawa ba da taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta masana lissafi ta ƙasa, wanda aka yi a wani otal a Abuja lokacin ina mataimakin sakatare. Har yau idan na bi ta gaban otal ɗin sai in kau da kai, kamar ginin zai kira sunana.

Bari in fara da gaskiya: ni ba wani gwanin lissafi ba ne. Na karanta shi a jami'a, na koyar na ɗan lokaci, daga baya na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Abin da ya kai ni kwamitin ƙungiya baki ne. Ina da murya, na iya tsara magana, kuma ba na tsoron makirufo (da ma na ji tsoronsa, da na huta).

Ƙungiyar tamu tsohuwa ce. Wasu malaman jami'a 'yan kaɗan ne suka kafa ta, a zamanin da baƙin malaman da ke koyar da lissafi suka fara komawa ƙasashensu. Suka ga idan ba su haɗa kai ba, fannin a hannunsu zai mutu. Suka fara da taro a cikin aji, suka fito da mujallar buga bincike, suka ƙirƙiro gasar lissafi ta 'yan sakandare da bitar malamai a lokacin hutu. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai malamina, Farfesa Garba. Shi ya duba aikina na shekarar ƙarshe, shi ya kai ni taron ƙungiya na farko da na taɓa halarta. Dogo ne, marar yawan magana, mai tuƙa tsohuwar Fijo zuwa makarantun ƙauye da takardun gasa jibge a kujerar baya.

Wasu shekaru kafin wannan taro, wani ya rubuto a gurup ɗinmu na waya cewa Farfesa ya faɗi an kai shi asibiti. Ina cikin mitin a ofis. Da na duba wayar da yamma, saƙonni sun taru, na ƙasa-ƙasan duk "Allah Ya jiƙansa" ne da "Allah Ya ba iyali haƙuri". Ban koma sama na karanta ba. Na rubuta nawa, na ƙudurta zan nemi gidan in je gaisuwa, aiki ya sha kaina, ban je ba. A wurina dai Farfesa ya riga mu gidan gaskiya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba haka ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, kwamiti ya yanke cewa za a buɗe taro da tarihin ƙungiya. Shugabanmu, wani farfesa mutumin kudu da ya tsinci Hausarsa a kasuwar Wuse, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Sakatare, kai za ta yi tarihi. Ka sa mutane su ji shi a jiki."

Na ce, "Oga, ka bar min wannan."

Na ɗinka sabuwar shadda a wurin telana na Durumi. Na yi ta gwaji a gaban madubi, har na zaɓi daidai wurin da zan ɗan yi shiru in bar muryata ta yi rawa (eh, har rawar muryar ma shirya ta na yi).

Ranar taro zaure ya cika: farfesoshi, wakilin minista, ɗaliban da suka ci gasa, da 'yan jarida da kyamarorinsu. Da Turanci na yi jawabin, amma ga yadda ya tafi. Na faro daga ajin da aka kafa ƙungiya, na bi ta kan mujalla, na zo kan gasa. Ana ta gyaɗa kai. Na fara kiran sunayen waɗanda suka kafa ta, na ajiye malamina a ƙarshe. Na ba da labarin Fijo, aka yi dariya. Na ce shi ne uban da ya haife ni a fagen ilimi, zaure ya yi tsit. Daɗin tsit ɗin nan shi ya kwashe ni. Abin da ban rubuta ba, ban shirya ba, ya fito daga bakina da kansa:

"Ina tuna ranar da muka raka shi makwancinsa. Da hannuna na zuba masa ƙasa."

Kar ku tambaye ni dalili. Na sha tambayar kaina. Ina jin kunyar rashin zuwa gaisuwar ce ta daɗe tana neman mafita, sai ta fito a matsayin ƙarya a gaban kyamara.

Na roƙi kowa ya miƙe. Na ce Musulmi su karanta masa Fatiha, Kirista su yi masa addu'a a zuci. Aka miƙe, aka ɗaga hannuwa, na runtse ido.

Cikin shirun nan na ji wani ƙwanƙwasa daga can bayan zaure, kusa da ƙofa, kamar ana buga zobe a jikin ƙarfe. Sai wani gurnani, irin na mai son magana harshe ya ƙi. Sannan muryar mace ta tashi, ba da ihu ba, amma kowa ya ji:

"Baba yana nan. Bai mutu ba."

Na buɗe ido. Mutane suna juyawa, suna darewa. A kan keken marasa lafiya, cikin farar babbar riga da hula zanna, ga Farfesa Garba, ya rame har sai ka ƙura ido kafin ka gane shi, ɓarin fuskarsa ɗaya ya saki. Hannunsa ɗaya a sama. Ni yake kallo.

Shugaba ya sauko daga babban teburi da gudu yana cewa, "Wayyo Allah, Farfesa tana da rai! Tana da rai!" Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa ina tsaye, makirufo a buɗe. Ya kamata in yi shiru. Maimakon haka sai na ji kaina ina cewa, "To... alhamdulillahi. Mu tafa masa."

Kuma aka tafa. Wasu ma ba su gama shafa Fatihar ba.

Ban san yadda na isa bayan zauren ba. Na durƙusa a gaban keken, sabuwar shaddata a ƙasa. Rigarsa tana ƙamshin turare da na adaka, alamar ta daɗe a ajiye. An maƙala masa tsohon bajon ƙungiya a ƙirji, irin wanda aka daina bugawa tun ina ɗalibi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe." (Ku duba fa. Mutumin da na gama binnewa yanzun nan.)

Matar da ke riƙe da keken 'yarsa ce, Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinya a Kwali. Ta dube ni ta ce, "Malam, a wace maƙabarta kuka kai shi? Ina so in sani, don ni ba a sanar da ni ba."

Na ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, kuskure ne, a gurup aka..."

Ta katse ni. "Shanyewar ɓarin jiki ce. Yana wurina a Yangoji, nan bayanku. Ba ya magana, amma yana jin komai. A rediyo ya ji sanarwar taron nan, ya yi ta nuna rediyon yana nuna ƙirjinsa, har sai da na ce zan kawo shi. Tun da ya kwanta ba wanda ya leƙo daga cikinku. Nakan ce masa aiki ne ya yi muku yawa. Ashe binne shi kuka yi."

Shugaba ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba, muryarta ta fara rawa, rawa ta gaske:

"Da ka fara ba da labarinsa yana ta murna, yana jan hannuna. Da ka ce a miƙe, ya ɗaga hannu don a gan shi. Na kusa da mu suka ɗauka addu'ar yake tayawa. Wani ma matsowa ya yi ya ce masa amin."

Aka so a tura shi zuwa babban teburi. Ya girgiza kai, ya nuna ƙofa. Hajiya Binta ta juya keken suka fita, aka ci gaba da taro. Wani ya gabatar da maƙala, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na je Yangoji daga baya, na kuma sake zuwa. Bai kore ni ba, bai kuma yi min murmushi ba. Mukan zauna a baranda in karanta masa abin da ya fito a mujalla, yana kallon gonakin doya. Ko ya yafe min, ko gajiya ce kawai ta hana shi juya min baya, Allah ne masani.

Da daminar da ta biyo baya ya rasu. Hajiya Binta ta kira ni da kanta, ni na rubuta sanarwar a gurup. Amsar farko da ta shigo ita ce: "Sakatare, wannan karon ka tabbatar?" Mu kaɗan ne daga ƙungiya muka samu jana'izar. Kwamiti ya nemi in rubuta ta'aziyya a mujalla, na ce a ba wani, na kuma ajiye muƙamina.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mu mutanen lissafi ba ma yarda da ko ƙaramar magana sai an kawo hujja layi-layi, amma zaure guda na farfesoshi ya yarda mutum ya mutu don kawai an ga wasu sun rubuta. Yanzu idan na ji bakina yana ƙaiƙayin yabon wani tsohon malamina a gaban jama'a, nakan fara ɗaukar makullin mota in je in gan shi da idona. In ya amsa sallama, sai in faɗa masa yabon a can, ba makirufo.