Ranar da Sarkin Gaba Ya Wuce Gawa

Allah ya ƙara wa Burl Tackett girma, in akwai sauran wurin sawa. Sarkin Gaba ke nan, gwarzon filin tseren motoci na garinmu Cutler Gap, wanda a faɗarsa bai taɓa kallon bayan motar wani ba. Ya ci kofin yankinmu tun haƙorana suna nan cif, kuma bai bar mu mun manta ba. Kofin yana kan tagar falonsa, yana fuskantar titi, don kada baƙo ya wuce cikin jahilci.

Tawali'u kuwa, sai dai a koya a wurinsa. A coci bencin gaba nasa ne. In an jera layin soyayyiyar kaza bayan addu'a, sai ka ji iska ta wuce ta hagunka, ka duba ka ga cinyoyin sun tafi.

"Ba girman kai ba ne, 'Yar'uwa Earline," haka yake ce min. "Jikina ne ba ya karɓar na biyu. Likita ma ya yi mamaki."

Mai karɓar na biyun shi ne Orval Pruitt. Shekara da shekaru yana bin Burl a fili yana shan hayaƙinsa, har Burl ya raɗa masa suna Inuwata. "Orval bai taɓa shiga gabana ba, kuma ba zai taɓa ba," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi.

Sai Orval ya rasu.

Ranar jana'iza fasto ya tsaya yana bayanin hanyar da za a bi da gawa. Burl kuwa ya juya yana ba na bayansa labarin yadda ya ci kofi da taya uku. Ni dai na ji abin da fasto ya ce. Ba wanda ya tambaye ni.

Da yake ba ni da mota, tasa aka saka ni. Aka jera kamar kullum: motar gawa a gaba, mu a bayanta, fitilu a kunne, ana tafiya kamar ana tausayin kwalta. Masu tahowa suna raɓewa gefe, maza suna cire hula.

Na lura wuyan Sarki ya yi ja. Gumi yana bin kunnensa.

"Dube shi! Da gangan ya tare min hanya."

"Burl, mutumin ya mutu."

"Da ransa ma haka yake tuƙi."

"Ka yi haƙuri mana, tsoho. Yau ɗaya ce."

"Yau ɗayar za a riƙa faɗa! A ce an ga Tackett a bayan Pruitt, gari duka yana kallo? Riƙe hularki."

A kwanar rumbun taba ya fizgi sitiyari. Na ga fuskar direban motar gawa ta wuce, baki buɗe. Na ga furanni, na ga akwati, na kira sunan Ubangiji da na mijina marigayi, wanda ya fi kusa ya amsa. Muka hau tudun maƙabarta ƙura na bin mu. Burl ya fito ya ɗaga hannu sama yana gaida jama'a. Jama'ar kuwa masu haƙa kabari ne biyu, suna cin burodi.

Muka jira. Shiru.

Can sai lasifika ta tashi daga ƙasan tudu, inda filin tsere yake. Wasiyyar Orval ke nan da fasto ya faɗa: a zagaya da shi filin sau ɗaya kafin a kai shi. Benayen 'yan kallo cike da mutane a tsaye. Motar gawa ta sha kwanar ƙarshe ita kaɗai, aka kaɗa mata tutar nan mai baƙi da fari ta ƙarshen tsere, mai sanarwa ya fasa ihu: "Orval Pruitt, na ɗaya!" Tafin har kan tudu.

"Ai ba na cikin tseren," in ji Burl. "Ba a lissafa wannan."

"Kana ciki mana. Ka dai saki hanya."

Da ayarin ya iso, Wanda matar Orval ta fito, ta gyara baƙin mayafinta, ta dubi Burl tsaye a bakin rami, ta dubi ramin.

"Ɗan'uwa Burl, ashe ka riga mu. To, ga shi nan a buɗe. Ai na wanda ya fara zuwa ne, ko?"

Sarkin Gaba ya leƙa ciki. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ya taka min ƙafa. Ya cire hula ya miƙa hannu wajen akwatin da ladabin da ban taɓa sanin yana da shi ba.

"A'a, Wanda. Orval ya wuce gaba."