Lambar da Na Rage wa Tsawo

Ba zan taɓa mantawa da yadda na kusa hana Rabi zana jarrabawarta ta ƙarshe ba. Kafin in ci gaba, ya kamata in faɗi madogarata: littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, saƙonni biyu na banki da ban goge daga wayata ba, da kuma shaidar Kawu Bello, wanda ya nace cewa ranar Talata muka je Kano, alhali littafina ya ce Laraba. Abin da muka yi ittifaƙi a kai shi ne ana tsakiyar cirar gyaɗa, wata huɗu bayan na dawo garinmu Turawa da digirina na akanta (wannan ne ya ƙara wa abin muni).

Rabi 'yar Kawu ce, wato taubashiyata, tana karatun likita a Masar. Makarantarsu ta ba da wa'adin mako uku: wanda kuɗinsa ba su shiga asusun makarantar ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Kawu ya sayar da bijimai biyu, ya hau babur daga garinsu Jajaye har zaurenmu. Bayan mun gaisa, ya damƙa mini kuɗin, ya cire hularsa, ya zaro wata takarda daga cikinta, wadda wani malamin makaranta ya kwafo masa lambar asusun a kanta daga saƙon Rabi.

"Ga ta nan, ɗan ƙanwata. An ce kai ne ka karanci harkar kuɗi."

Na duba. Haruffa biyu, sannan lambobi ashirin da bakwai. Na yi murmushin wanda ya kama kuskuren wani. Kowa ya san lambar asusu guda goma ce. Haka tawa take, haka ta mai cirar kuɗi na bakin kasuwa take. Na yanke hukunci cewa malamin ya cakuɗa lambar waya a ciki. A gaban Kawu na kwafi goman ƙarshe, na duba sau uku (ni mutum ne mai duba abu sau uku), na mayar masa da takardarsa, ya mayar da ita cikin hula.

Na je banki a Kano, na cika takardu, na dawo ina tafiyar ƙasaita. Bayan kwana biyar saƙo ya zo: an ƙi lambar. Na kira Rabi, na shaida mata cewa tsarin bankunan ƙasar da take yana da rauni.

"Bawana," in ji ta, "shekara biyar ana turo mini ta wannan lambar. Ko digirin naka ne bai gama bushewa ba?"

Ban ce mata na yi gyara ba, domin a ganina taimako na yi. Sai na sa ta turo mini lambar a waya, na sake nazari, na gano cewa goman tsakiya ce ta gaskiya. Ita ma aka dawo da ita. A lokacin saura kwana shida, kuma muryar Rabi ta daina wasa. Kawu ya ce wannan karon ƙafarsa ƙafata.

Ma'aikaciyar da muka samu a bankin mace ce mai nutsuwa. Ta jera takardun nawa biyu, ta daɗe tana kallonsu.

"Wa ya cika waɗannan?"

"Ni ne, Hajiya. Akanta ne ni." (Babu wanda ya tambaye ni sana'ata.)

Kawu ya cire hula a hankali, ya miƙa mata takardarsa. "'Yata, ni ban yi boko ba. Amma wadda aka ba ni ta fi yatsana tsawo. Ta yaron nan ko gaɓa biyu ba ta kai ba."

Ta karanta, ta ɗago kai. Ta yi bayani, da murya mai isa har ƙarshen layi, cewa haruffan nan sunan ƙasa ne, na bayansu na tantancewa ne, sannan na banki da na reshe, kuma kowace ƙasa da tsawon tata. Sannan ta tambaya wa ya yanke ta. Na dubi fankar da ke sama kamar ita za ta amsa.

Kawu ya ce, "Ki yi masa uzuri. Rijiya gaba ashirin da tara aka nuna masa, ya zo da igiya gaba goma. Amma igiyar tasa mai kyau ce, ya duba ta sau uku."

Har mai gadi sai da ya dara.

Duk da haka, ni na cika takarda ta uku, kuma ba a sami ko ɗigon kuskure a cikinta ba. Kuɗin suka shiga saura kwana biyu. Yau Rabi likita ce, ta farko a zuriyarmu, kuma tana kirana Malam Goma a gaban marasa lafiyarta. Ina amsawa da fara'a, don na san da hannuna a cikin farar rigar nan tata ta likita. Mutanen Turawa da Tudun Kaya masu 'ya'ya a waje ni suke kawo wa takardunsu, ban kuma taɓa rage ko sifili ba. Na koyi cewa duba abu sau uku ba ya mayar da abin da kai da kanka ka yanke.

Abu ɗaya ne littafina bai warware ba. A gaban Kawu na kwafi lambar tun ranar farko, kuma idonsa na kan alƙalamina. Na tambaye shi ko ya lura, sai ya gyara hularsa ya ce, "Talata ce dai, ba Laraba ba." Har yau ban sani ba: bai gani ba ne, ko kuwa kunyar digirina ya ji ya yi shiru?