Rasuwar Baƙa, Lasifikar Kunnen Gudaji Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, Gudaji Dogo, dillalin awaki mazaunin Gumel, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar rasuwar lasifikar kunnensa, wadda yaran makaranta ke ce wa hedifon, shi kuwa yake kiranta Baƙa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin Ya'u mai gyaran rediyo, bayan doguwar jinya. Wanda ya ga abin dariya a nan, ya yi dariyarsa a gida, kada ya zo da ita wajen gaisuwa.

Ga wanda bai san marigayiya ba, baƙa ce mai kunne biyu kamar ƙananan ƙore, kowanne da soso a baki, da lanƙwasasshen ƙarfe mai hawa bisa kai, da doguwar waya da ake cusawa a gefen rikoda. Da zarar an cusa sai rikoda ta yi gum, kiɗa ya koma cikin kan mutum shi kaɗai. Aikinta ke nan, kuma a kan wannan aiki zaman gidan Gudaji ya rataya.

Dalili ba ɓoyayye ba ne, duk unguwa ta sani. Mahaifin Gudaji, Allah ya jiƙansa, masu goge ya bi. Wata kaka suka sauka a gari, ya fita kallo, da suka tashi ya bi su har Damagaram. Ya bar gero a gona ba a yanka ba, ya bar Iya, mahaifiyar Gudaji, da goyo. Sai bayan damina biyu ya dawo, ba jaki ba riga. Tun daga nan Iya ta rantse, ranar da muryar goge ta tashi a gidan da take, ranar za ta ɗaure kayanta. Tana kuwa da wurin zuwa, ɗakin 'yarta Safiyatu yana nan a Sule Tankarkar, kuma Iya ba ta rantsuwar wasa. Shi kuma Gudaji bai gaji gona ba, kunne ya gada. In ya jiyo goge daga nesa, ko a tsakiyar ciniki yake, sai igiyar akuya ta suɓuce masa. Magidanci ne da furfura a gemu, ba zai yarda a ce uwarsa ta bar gidansa saboda kiɗa ba. Zama babu kiɗan kuma ba zai iya ba. Tsakanin waɗannan biyu Baƙa ta shigo.

An samo ta a Kano, a shagon wani mai kayan lantarki, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi kowane masinja ya rataya rikoda. Gudaji ya saye ta yadda yake sayen akuya, bai saurari kirarin mai ita ba, haƙori ya duba. Ya tafi da kaset ɗinsa a aljihu, wanda ya ɗauka da hannunsa ranar da Ubale mai goge ya yi wasa a Gagarawa Tasha.

Da farko mai shago ya miƙo masa wata 'yar fara kamar ƙwayar wake, mai araha, wadda ake turawa cikin ramin kunne ɗaya. Gudaji ya tura, ta faɗo. Ya sake turawa, ya danne da yatsa, sai ya ji Ubale ya koma sauro a cikin kwalba. Ya ajiye. Mai shago ya ga mutum ne mai zaɓe, sai ya buɗe kwali ya fito da wata ƙatuwa mai ƙyalli, kuɗinta kuɗin ragon layya. Ta matse kan Gudaji kamar awartaki, ta ture masa hula ƙasa, kiɗa ya riƙa dukan ƙirjinsa, dim, dim.

Mai shago ya ce, "Alhaji, ka ji ƙarfi? Har ƙasa girgiza take."

Gudaji ya ce, "Ban je Makka ba tukuna, kuma ban zo sayen girgizar ƙasa ba. Ina gogen? Ta haɗiye shi."

Wannan ta 'yan rawar Ikko ce, masu son ganga ta kashe musu kunne. Goge a sama yake zaune, siriri ne, kuma a bayansa akwai ƙwaryar da ake bugawa, wadda ya kamata a ji ta daban. Baƙa tana can rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta, ba wanda ya yi mata kirari. Gudaji ya ce a sauko da ita. Ta zauna a kansa daidai, hula ba ta motsa ba. Da Ubale ya ja tsirkiya, sai da Gudaji ya waiga ya ga ko yana bayansa. An yi ciniki kuɗin akuya mai matsakaicin jiki, bai ƙara ba, mai shago bai yi dariya ba.

Halinta na kirki sananne ne. Ba ta taɓa fitar da maganar ɗaki waje ba. Bayan la'asar Gudaji kan zauna a turaka ya ɗora ta a ka, Ubale na tsala kuka da gogensa, a tsakar gida kuwa ba a jin komai sai kaji. Iya ta taɓa leƙowa ta same shi ido a rufe.

Ta ce, "Kai mai gidan nan, me ka ɗaura a ka kamar jakin da za a yi wa ƙaho?" Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Ya ce, "Labarai nake ji, Iya."

Ta ce, "Lallai duniya ta gyaru, tunda labarai sun fara motsa kafaɗa." Ta saki labule ta wuce.

Gaskiya kuma a faɗe ta ko a kan mamaci, tana da aibu. Da bazara takan dafa kunne, gumi ya riƙa bin wuya. Takan sa a yi wa mutum sallama har a gaji a tafi da shi a zuci. In kuma mutum ya buɗe baki tana kansa, ihu yake yi bai sani ba, har matarsa Rahamatu ta taɓa zubar da miya don tsoro, alhali ruwa kawai ya nema. Akwai kuma zargin cin batir. Gudaji kan sa sabo ranar Laraba, Alhamis ya wuni kasuwar Maigatari bai taɓa rikoda ba, Juma'a ya tarar Ubale yana jan murya kamar mai zazzaɓi. A kan haka ya daina gaisawa da Cindo mai sayar da batir.

Ciwon ajali ya fara ne daga soso. Aka wayi gari gefensa ya gutsure, bayan kwanaki ɗayan ma ya bi. Sai kunnen hagu ya kama tari, ƙir, ƙir, ƙir. Sai an lanƙwasa waya an riƙe da yatsa biyu kafin ta yi magana. Gudaji ya ɗaure ta da zare, ya ɗaure da tsumma, ya hure ta, ya shanya ta a rana. Maganarta ta ƙarshe rabin jan tsirkiya ne, wiii, daga nan ba ta ƙara ba. Ya tsare Rahamatu da tambaya, ta ce ita abin ma tsoro yake ba ta. Bai yarda ba. Ya naɗe mara lafiya a rawani ya nufi bakin tasha.

Ya'u ya kwance ta, ya duba, ya girgiza kai, ya ce ɓera ya cinye wayar ciki ƙarƙaf, ba sauran abin haɗawa. Sannan ya ɗauki soson ya sunsuna.

Ya ce, "Baba Gudaji, ɓera ba ya cin roba don Allah. Kiransa aka yi. Man shanu kake shafawa a ka?"

Gudaji ya cire hula ya nuna masa. Aski ƙwal, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

Ya'u ya juya Baƙa a kan tebur. Ya sa hantsaki a gindin ƙarfen, ya jawo wani abu a hankali, ya ɗora a tafin hannun Gudaji. Gashi ne, dogo, fari fat.

Gashin Rahamatu baƙi ne wuluk. A duk gidan, kai ɗaya ne mai farin kitso, kuma shi ne kan da ake shafe da man shanu duk sati.

Gudaji ya taho gida yana saƙa da warwara. In ya yi magana, ya amsa da bakinsa cewa goge ya daɗe da kwana a gidan, rantsuwa ta faɗa, sai neman motar Sule Tankarkar. In ya yi shiru kuma cikinsa zai fashe. Ya tarar da Iya a inuwar rumbu tana tsintar wake. Ya durƙusa, ya warware rawani, ya ajiye gawar a gabanta, gashin a gefe.

Iya ta duba, ba ta daina tsinta ba. Ta ce, "Ta tafi ke nan?"

Ya ce, "Ta tafi, Iya."

Ta ce, "Ai tun Alhamis waccan na ji na hagun yana tari. Na ce za ka kai ta a duba, ka tsaya ɗaure-ɗaure da tsumma."

Gudaji ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Iya, ke da kika rantse?"

Ta ce, "Rantsuwata tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ranar da ka kunna mini shi a fili, ka nemo mota." Ta ture faifai gefe, ta daɗe tana kallon Baƙa. Ta ce, "Ubanka wannan abin ya bi, ya bar ni da kai a baya. Tun ina da baƙin gashi nake so in ji me ya ji a ciki da ya fi ni."

Ya ce, "To, kin ji?"

Ta ce, "Ban gama ji ba."

Marigayiya ta bar rikoda ɗaya, wadda yanzu ba ta da ikon buɗe baki a gidan. Ta bar kaset na Ubale da 'yan'uwansa a cikin kwano. Ta bar kunnuwa huɗu, biyu na fili, biyu waɗanda sai yanzu aka san da su. Rahamatu ta fita daga zargi, an saya mata turmin atamfa, ba sai an tsawaita ba. Cindo mai batir yana iya zuwa gaisuwa, za a shimfiɗa masa tabarma.

Za a binne ta yau Lahadi bayan la'asar, a bayan rumbu, cikin gwangwani mai murfi, don kada waɗanda suka kashe ta su zo cin gawa. Ba a gayyaci liman ba, Gudaji ya san ba a yi wa roba salla. Kan wayar kuwa Ya'u ne ya gada, ya ce zai yi wa wani amfani. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Kada a zo da makaɗi, kada a zo da shawarar a sayi 'yar farar nan.

Ba za a yi zaman uku ba, domin gobe Gudaji zai kama jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha zuwa Kano neman magajiya. Iya ta ba shi ɗan akuyarta ya haɗa da abin hannunsa, ta kuma ba shi zare da ta auna kanta da shi, har da kitso da ɗankwali. Ta ce wadda za a kawo kada ta matsa, kada ta yi nauyi a wuya, ta fito da ƙwarya sosai, gama marigayiya, Allah ya sani, takan ɗan danne ta. Ta ce kuma kada ya tsaya yawon birni, Alhamis na tafe.

Saboda haka ana sanar da jama'a, ranar Alhamis Gudaji yana Maigatari kamar kullum. Wanda ya yi sallama a gidan bai ji an amsa ba, ya yi haƙuri ya koma. Tsohuwa tana jin labarai.