Rasuwar Dattijo, Injin Kwale-kwalen Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce goma waɗanda har yau baƙin mai bai fita daga ƙarƙashinsu ba, Dogo mai fito yana sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da fasinjojin safe da na yamma rasuwar injin kwale-kwalensa, wanda duk bakin ruwa ya sani da suna Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar kogi, bayan gajeriyar jinya da ba shi ya jawo wa kansa ba. Shekarunsa goma sha tara: sha shida a hannun marigayi Yaya, wan Dogo, uku a hannun Dogo.

Dattijo bai kasance mai ƙorafi ba. Sau ɗaya ake jan igiyarsa ya amsa, in an tashi da sanyi ya nemi a ƙara, ya yi ɗan tarin nan nasa, "kuf, kuf," sannan ya zauna daram a kan "dududududu" har ƙetare. Ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki buhuna da awaki, ya ɗauki malamin makarantar nan da ke amai kowace safiya, bai taɓa nuna wa kowa bambanci ba. Matar Yaya, wadda tagar ɗakinta ke kallon ruwa, tana gane muryarsa tun bai sha kwana ba. Da ta ji shi da yamma sai ta ɗora ruwan shayi, yadda ta saba tun mai gidan yana raye. Shekara uku ke nan ba ta fasa ba, Dogo kuwa yakan karɓi kofin ya shanye, ko da yake ya san ba dominsa aka fara dafawa ba.

Ciwon ajali ya soma ne da shawara. Dilan injuna ya ce lokacin canja bel ɗin taimin, mai daidaita bugun injin, ya yi, ya kuma faɗi kuɗin aikin. Dogo ya ji kuɗin, sai ya tuna amanar da Yaya ya bar masa a gadon asibiti, cewa kada ya bar baƙon hannu ya buɗe injin nan. Allah ne kaɗai ya san wanne ya fi nauyi a zuciyarsa ranar, amanar ko kuɗin. Ya sayi sabon bel, ya kalli bidiyon aikin a waya har sau uku, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ranar Litinin, ya jera sifanoni kamar likita.

Mai bidiyon ya ce kafin a ɗora sabon bel, sai an tsayar da faifan nan mai haƙora daidai kan alamarsa. Dogo ya duba ya ga alama biyu. Ɗaya 'yar kibiya ce ta kamfani, ta dushe har sai an kanne ido. Ɗayar kuwa, haƙori uku daga nan, ɗigon ja ne raɗau. Ya san ba kamfani ya ɗiga shi ba, hannun Yaya ne. Tsakanin kamfani da Yaya kuwa, Dogo bai tsaya dogon tunani ba.

Washegari sai da aka ja igiya sau huɗu. Dattijo ya tashi da wata murya a shaƙe, Dogo ya ce wa fasinjoji sabon bel ne, bai saba ba tukuna. Suna kaiwa tsakiyar ruwa, da mutum goma sha ɗaya a ciki, ya ƙara masa wuta. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "ƙas, ƙas, ƙarararas." Daga nan sai shiru, irin shirun da har ana jin ruwa yana lasar katako. Da filafili aka dawo. Matar Yaya tana tsaye a bakin ruwa tana kallonsu.

Dila ne ya buɗe gawar. Ya ce bawul sun lanƙwashe, fistin ya fashe, kan injin ya tsage, gyara ya fi sayen wani tsada. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi wa Dogo ciwo. Sai ya riƙa nuna masa da tsinin sukudireba: ga ɗigon ja a jikin kafireto, ga shi a farfela, ga shi har a cikin murfi. Da Dogo ya kai labari gida, matar Yaya ta gane ɗigon nan take.

"Jan farcena ne," in ji ta. "Yayanka ya bi kowane ƙarfe ya ɗiga masa, don kada makanikai su musanya masa kaya. Ni na riƙe masa kwalbar. Ai da ka tambaye ni, Dogo."

Ranar Litinin ɗin tana zaune a tsakar gidan tana ɗinki, taku goma tsakaninsu.

Tun daga ranar rasuwar Dogo bai rabu da Dattijo ba. Yana jin "ƙas, ƙas" a injin niƙan maƙwabta, yana ji in an rufe ƙofar ƙarfe, yana ji a cokali da kofi. In ya iso tsakiyar kogi da filafilinsa, hannunsa na dama yakan koma baya da kansa neman igiya, ya damƙo iska. Abin da ya fi tsorata shi kuwa ƙarfe biyar na yamma ce, lokacin da matar Yaya ke ɗaga kai ta saurara, ta ɗora ruwa, ya tafasa, ta sauke.

Marigayi Dattijo ya bar kwale-kwale ɗaya, da rabin tankin mai, da sabon bel wanda ba a tuhumarsa da komai, da tsohon bel da ke rataye a ƙusa, wanda dila ya duba ya ce da sauran shekara guda a jikinsa. Ya kuma bar wani noti da ya rage bayan Dogo ya gama ɗaure komai, har yau ba a gano inda ya fito ba.

Za a yi sallama da Dattijo ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a garejin dila, inda za a kwance shi a raba sassan da suka tsira ga masu fito da ke bukata. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ce "ai da ka kai wa dila," mutum arba'in sun riga sun faɗa. Matar Yaya ba za ta halarta ba. Ta ce tana nan bakin taga, wataƙila ta tsinci muryarsa a injin wani.

Dogo yana da roƙo ɗaya ga abokan sana'a. Duk wanda ya buɗe injinsa nan gaba ya ga ɗigon ja, don Allah kada ya goge shi. Kada kuma ya daidaita komai da shi.