Rasuwar Mai Kashi Biyar a Gidan Haugland

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da aljihun riga da ya koma fayau, Orrin Haugland na birnin Duluth yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan cocinsu rasuwar amininsa kuma mai ba shi shawara, wato katin bashinsa na banki, wanda duk unguwa ta fi sani da Mai Kashi Biyar. Rai ya yi halinsa da safiyar Talata a ƙofar gareji, a hannun mai shi, bayan gajeruwar jinyar da ko kofi bai huce ba aka gama ta. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya. Sau uku banki ya sabunta masa fata, amma halinsa bai taɓa canzawa ba.

Marigayin mai kyauta ne, sai dai kyautarsa da lokaci take. Duk abin da Orrin ya saya da shi, yakan mayar masa da kashi biyar cikin ɗari, muddin an saya a inda ransa yake so a wannan zangon, kuma duk bayan wata uku yake sauya ra'ayi. Farkon shekara kantin cefane yake ƙauna. Afrilu na kamawa sai ya juya musu baya ya koma shagunan kayan gini. Lokacin zafi na gidajen mai da gidajen abinci ne, ƙarshen shekara kuma na kantin magani. Wanda ya kai shi wani wuri dabam, kashi ɗaya tak zai samu, shi ma da ɗaurin fuska. Kuma ba ya fara alheri sai an je an gaishe shi. Ranar farko ta kowane zango Orrin kan sa tabarau, ya shiga shafin banki, ya danna maɓallin da ke tayar da shi. Ko ranar da za a yi masa aikin gwiwa bai fasa ba. Daga kan gadon asibiti ya danna, sannan ya ce wa likita ya ci gaba da aikinsa.

Marigayin ba shi da yawan magana. Kalma ɗaya aka sani a bakinsa, ita ce ɗan "ɗit" ɗin da yake yi idan an kara shi a na'urar mai kanti. Orrin ya rantse cewa "ɗit" na kashi biyar ya fi na kashi ɗaya zaƙi, kuma babu wanda ya iya musa masa, domin babu wanda ya taɓa tsayawa ya saurara.

Gaskiyar da za a faɗa a bayan mamaci ita ce shi yake riƙe da gidan Haugland. Shi yake faɗin lokacin ci, shi yake faɗin lokacin fita. Da bazara akan yi wa gidan fenti, ko yana buƙata ko ba ya buƙata, har ƙofar baya ta daina rufuwa saboda kaurin fenti. Da zafi Orrin kan ɗauki matarsa Marlys a mota su yi ta zagaya tafki ba inda za su, don dai tankin mai ya sauka a sake cikawa. Ciwon kai kuwa, in ba na gaggawa ba ne, a gidan nan jira yake sai Oktoba.

Marigayin yana da ƙane a jakar Marlys, ana ce masa Mai Kashi Biyu. Wannan bawan Allah ko'ina aka kai shi, ko yaushe, biyu yake bayarwa: a kantin cefane biyu, a wurin mai gyaran haƙori biyu, ba ya neman gaisuwa, ba ya sauya ra'ayi. Orrin bai taɓa ganinsa da gashi ba. "Kati ne marar buri," in ji shi. "Biyu yau, biyu gobe, haka zai mutu a biyu." Marlys takan ce, "Shi dai bai taɓa gaya mini ranar da zan ji yunwa ba." Daga nan sai kowa ya koma kan kofinsa.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daga kalanda. A watan Nuwamba aka ɗaura auren Orrin da Marlys, amma marigayin ba ya kallon gidajen abinci sai lokacin zafi. Saboda haka tun zuwansa gidan aka mayar da murnar ranar auren zuwa watan Agusta. Marlys ta haƙura shekara goma, tana cin kifinta cikin gumi tana karɓar barka a ranar da ba tata ba. Bana auren yake cika shekara talatin, ranar Asabar mai zuwa. Ran Litinin ta ce tana so a kai ta cin abinci a ranar, ranar gaskiya, a gidan abincin nan na bakin tafki inda suka ci na farko.

"Ai mun yi a Agusta," in ji Orrin. "Har da kayan zaƙi kika ci, na gani."

"Orrin, ni a Nuwamba na aure ka. Ƙanƙara ake yi. Uwarka ta zame a ƙofar coci, kai ka ɗaga ta."

"Marlys, ki duba girman Allah. Kashi ɗaya fa zai ba mu. Ɗaya! Ki bari dai, na riga na tanadar miki wani abu."

Ya shiga ɗaki ya fito da abin a naɗe da takarda mai kyau. Na'urar awon hawan jini ce daga kantin magani. Marlys ta ɗaura ta a hannu a gabansa, ta auna, ta nuna masa lambar.

Washegari da safe Orrin ya leƙa ta taga da kofi a hannu, sai ya ga akwatinta a kujerar baya ta mota. Gidan yayarta Bernice za ta tafi, can garin Hibbing, kuma akwatin ba na kwana biyu ba ne, babban ne, wanda ake zuwa jana'iza da shi. Motar na kunne, amma gilashin gaba ya daskare da ƙanƙara kamar an shafe shi da siminti. Abin kankare ƙanƙarar gidan ya karye tun farkon sanyin nan, ba a kuma sayi wani ba, domin lokacin shagon kayan gini sai Afrilu. Ga Marlys tsaye cikin iska tana kankara da farcenta, hannuwan sun yi jajur.

Orrin ya fito da silifas da rigar barci. Bai roƙe ta ba, don bai iya ba, kuma ya san ba shi da bakin yi. Abu ɗaya dai ya sani: hanyar Hibbing da santsi, kuma matar nan ba za ta hau ta tana leƙe ta ɗan rami ba, ko da barinsa za ta yi. Ya laluba jikinsa. Babu komai a aljihun sai marigayin, wanda ko barci ba ya yi ba tare da shi ba.

"Matsa," ya ce. "Za ki ɓata hannunki."

Shaidu sun ce marigayin ya yi aiki kamar ba shi ne mai zaɓen wuri ba. Ya share gefen direba tas, yana "ƙar, ƙar, ƙar", muryar da ba a taɓa jin sa da ita ba. Ya kai rabin ɗaya gefen sai aka ji "ƙas". Ya tsage gida biyu, daidai kan ɗan ƙarfen zinariyar da ke ƙirjinsa. Orrin ya dubi rabin da ya faɗi a cikin dusar ƙanƙara. Ya dubi gilashin da bai ƙarasa ba. Sannan ya gyara riƙon rabin da ke hannunsa ya ci gaba da kankara har ya gama.

"To, yanzu kina gani sosai," ya ce. "Ki bi a hankali wajen gadar nan."

Marlys ta daɗe tana kallon guntun robar da ke hannunsa. Sai ta miƙa hannu ta kashe motar. "Shiga ciki, tsohon banza," ta ce, "kafin yatsun ƙafarka su bi shi." Akwatin dai ba ta sauke ba. Ta ce yana nan a mota sai ta ga abin da Asabar za ta yi.

Da rana Orrin ya kira banki ya sanar da rasuwar. Wata yarinya mai fara'a ta ce kada ya damu, cikin mako guda za a aiko masa da sabo, lamba ɗaya, hali ɗaya. Orrin ya dubi guntayen marigayin biyu da ke hannunsa. Marlys na tsaye a bakin murhu, ta ba shi baya, amma cokalin ya daina juyawa a tukunya. Orrin ya ce wa yarinyar ya gode, amma a bar mamaci ya huta.

Marigayin ya rasu ya bar firiza biyu cike da talo-talo, injin yankan ciyawa uku a gidan da filinsa bai fi tabarma huɗu ba, gwangwanayen fenti da suka rufe tagar ɗakin ƙasa, maganin tari na shekaru masu zuwa, da na'urar awon hawan jini guda ɗaya, an yi amfani da ita sau ɗaya. Ya kuma bar ƙanensa Mai Kashi Biyu, wanda ya karɓi labarin kamar yadda yake karɓar komai.

Da yake ƙasa ta riga ta daskare, binnewa sai ta saki da bazara, a gindin itacen tuffa na bayan gida. Kafin nan gawar za ta jira a firiza, tsakanin talo-talon da shi ya kawo su. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma buƙatar abinci, don Allah.

Zaman makoki kuwa ranar Asabar ne da yamma, a gidan abincin bakin tafki, teburin kusa da taga. Ƙanen marigayi ne zai ɗauki nauyi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo. Kujera biyu kawai aka kama, kuma a Nuwamba.