Rasuwar Alheri, Motar da Ta Mutu a Durƙushe

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Meshak, ɗan marigayi Bartholomew direba, a madadin mahaifiyata Mama Hulda da ƙanwata Keziya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kafanchan da kewaye rasuwar motar gidanmu, Alheri. Ta cika ranar kasuwa da rana tsaka, a hanyar gona tsakanin Nok da Kwoi, da buhunan cittar Mama a bayanta. A bakin aiki ta mutu.

Ba mu san shekarunta ba. Da furfurarta ta zo daga Kwatano. Baba ne ya raɗa mata suna. Ita ya bar mini, da makulli, da igiyar ɗaure kaya. Shi ke nan gadon.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki zumuntar mata zuwa taro, mata sun fi kujeru yawa, ga ganga ga tulu, ba ta ce uffan ba. Ta kai amare majami'a. Ta kai Baba asibiti a zaune, ta dawo da shi a kwance. Da safe takan ce kyar-kyar-kyar, ta yi shiru, sai an lallashe ta kafin ta ce burrr. A kan rami takan ce ƙii-ƙii kamar tsohon gadon ƙarfe. Wannan kukan ƙafafunta ne na asali, shoka da sifirin, dogaye masu laushi. Da su take lilo a kwana kamar kwalekwale. Baba yana son lilon nan. Ni kunyarsa nake ji.

Ga yadda ciwon ya fara.

Ranar Lahadi bayan sujada samari kan taru a filin da ke bayan layin dogo, su jera tsofaffin tayoyi, a ga wanda zai kewaye su da sauri. Idan Alheri ta shiga kwana sai ta karkace, madubi ya kusa gaida ƙasa. Suka sa mata Kaka. Abokina Godspower ya ce, “Oboy, injinka na da rai. Ƙafa ne matsala. Sa mata koyiloba.”

Ga waɗanda ba su sani ba, koyiloba shoka ce da sifirin a jiki ɗaya, mai tauri, da zobe a kan zare. Ka murɗa zoben, mota ta sauka ƙasa. Ka murɗa baya, ta tashi. Lahadi ta fili, sauran kwanaki ta kasuwa.

Dama ƙafafunta sun fara yoyo, canji ya zama dole. Oga Gershon bakanike ya shimfiɗa mini iri biyun a ƙasa, baƙi na gargajiya da shuɗi mai ƙyalli. Ya ce, “Wannan na gona, wannan na wasa. Wanne ke ba ku tuwo?” Na ce shuɗin zai yi duka biyun. Ya ce, “To, ɗan Bato,” ya ɗauki sifana.

Ba zan yi ƙarya a kan gawa ba. Lahadin farko ta sha kwana kamar a kan dogo take, ko gezau. Ta ce fiiiu. Babu wanda ya sake cewa Kaka. Tun da Baba ya tafi ban yi dariya irin ta ranar ba.

A titi kuwa kowane rami sai ta ce kau. Haƙoran fasinja na haɗuwa. Mama ta dafa ƙugu ta ce, “Meshak, motan nan fushi yake da ni ne?” Zumuntar mata suka koma motar wani.

Da farko kowace Litinin ina ɗaga ta. Aiki ne: jak, cire taya, murɗa zobe, ƙafa bayan ƙafa. Wani mako na bari. Wani makon ma haka. Damina ta sauka, jar laka ta shiga zaren, tsatsa ta bi ta. Da citta ta bushe na ɗauko sifana, zobe ya ce bai san ni ba. Oga Gershon ya jiƙa shi da kananzir, ya buga, ya gasa. Ya ce, “Ya kama. Sai dai yanka.” Yanka aikin kwanaki ne, ga tirelar masu sayen citta na barin Kwoi da zarar kasuwa ta watse. Noman Mama na shekara ne kaf. Na loda wa Alheri kaya tana durƙushe. Ba ta ƙi ba.

Akwai wani dutse a tsakiyar hanyar gonar. Alheri ta yi rayuwarta tana tsallake shi, bai taɓa shafar cikinta ba. Ranar ta ce ƙwas. Na ɗauka salansa ce. Ashe kaskon baƙin mai ne ya fashe. Jar fitilar gaban direba ce ya kamata ta gaya mini, amma fitilar ta daɗe tana ƙarya, Baba ya rufe mata baki da sitikar zumuntar maza. Na ci gaba da tuƙi. Can ta ce ƙwan-ƙwan-ƙwan. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Mama ta fita ta dubi baƙin layin da ya biyo mu tun daga dutsen. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi. Malam Salihu, wani makiyayi da ke wucewa, ya taya mu tura ta gindin mangwaro, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Muna nan zaune aka watse kasuwa.

Oga Gershon ya duba gawa ya ce inji ya buga. “Wannan ba na gyara ba ne, na addu'a ne.”

Iyali ba su daidaita kan abin da ya kashe ta ba. Godspower ya ce hanya ce. Keziya ta ce sitika ce. Mama ta ce shuɗin ƙarfe ne. Ni dai in aka sake shimfiɗa mini su biyu a ƙasa, ban san wanda hannuna zai ɗauka ba. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Ta rasu ta bar Mama, da Keziya, da ni. Ta bar safaya marar iska. Ta bar koyiloba, zobensu a kafe, amma suna ƙyalli. Ta bar tsofaffin ƙafafunta a ɗakin kaji, inda Mama ta hana a yar. Ta bar citta a falo, warinta har cikin tufafinmu.

Tsarin jana'iza. Gawa tana garejin Oga Gershon ga mai son gani. Ranar Asabar da hantsi masu sayen ƙarfe za su zo ɗauka. Fasto ya ce ba ya wa mota addu'a, amma zai zo saboda Mama. Babu waƙa. Hon ɗinta yana aiki, za a danna sau ɗaya. Samarin fili, ku yi haƙuri, ku zo a ƙasa. Kada kowa ya kawo furanni. Mai doguwar mota da ke da hanyar Kwoi kasuwa mai zuwa, ya taimaka ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ɗaukar mana cittar.

Abu ɗaya Mama ta roƙa, Oga Gershon ya amince, ni zan riƙe masa jak. Kafin a ja ta, a yanke shuɗin ƙarfen, a mayar mata da ƙafafunta na dā. Ta ce mijinta bai taɓa ganin motarsa a durƙushe ba, a tsaye za ta bar garin nan.

Meshak Bartholomew,
a madadin iyali.